KIWON LAFIYA AIKIN GAYYA NE

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu lafiya amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai saurayi Musulmi, ka sani lafiya uwar jiki ce, amma fa mutum ɗaya ba ya iya tsare ta shi kaɗai. Ko ka share gidanka tas, in kwatar maƙwabcinka ta toshe, sauronta ba ya sallama kafin ya shigo ɗakinka.

Ka tuna Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sa'ad da ya nufi Sham aka tarye shi da labarin annoba. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba. Ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansaru, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, sa'an nan ya juya da jama'a. Watau shawara da riƙon sababi ba su kore tawakkali.

MISALI DAGA ƘASARMU

Dubi cutar shan-inna, wadda ake kira foliyo. Mutanen da sun ɗauka wata aljana ce, Inna, ke shanye ƙafar yaro. Wannan camfi ne. Ƙwayar cuta ce da ke fita cikin bayan gida, ta shiga bakin wani yaro ta ƙazamin ruwa ko hannun da ba a wanke ba.

A 1988 ƙasashen duniya suka ɗaura niyyar kawar da ita. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano da wasu jihohin Arewa, saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa. Tsoron yana da tushe, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Amma an bincika, zargin bai tabbata ba, aka koma rigakafi a 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Kafin nan ɓarna ta auku. Cutar ta tsallaka ƙasashe har Sudan da Yaman da Indonesiya ita kanta, kuma a 2006 yara sama da 1,000 suka kamu a Nijeriya.

To, me ya juya al'amarin? Gayya aka yi. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya. Magana ta sauko daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Limamai suka yi bayani a masallatai. Mata 'yan sa-kai suka riƙa bin gidajen suna. Waɗanda cutar ta riga ta nakasa suka hau kekunansu suna bi ƙofa-ƙofa suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Da jama'a suka koka cewa zazzaɓi na kashe yara amma ɗigon foliyo kaɗai ake kawowa, sai aka riƙa kafa rumfunan duba marasa lafiya tare da rigakafin. Yaran da suka kamu suka ragu daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010.

Aikin bai tafi kyauta ba. A watan Fabrairu 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Allah Ya jiƙansu. Amma ba a fasa ba. An ga kamu na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Kada ka ce shi ke nan. Akwai wani nau'inta da ke ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, shi ya sa ba a daina zagayen ba.

DAGA GOYO ZUWA SANDA

Gayyar da ta yi maganin cuta ɗaya ita ce ake bukata a kowane mataki na rayuwa. Ga rabonka a ciki:

1. Mai ciki. In kana da mata, kai ne za ka ba ta izini da kuɗin mota ta je awo, ka ɗaura mata gidan sauro. Kada a jira sai jini ya ɓalle da tsakar dare.

2. Jariri. Nono zalla har wata 6. Rigakafi tun daga haihuwa, allurar ƙyanda a wata 9. Ka adana katin kamar yadda kake adana takardar gida.

3. Ƙananan yara. Da damina ana raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga 'yan wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata. Ka buɗe wa masu rabon ƙofa.

4. Kai kanka. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin saboda yadda ya haukata samari. Ka nisanci ƙwaya da taba da majalisar masu shansu. Kafin a kai kuɗin aure ku yi gwajin jini, domin in kai AS ne ita ma AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da sikila.

5. Tsoho. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa sai ɓarin jiki ya shanye ake ganewa. Ka kai mahaifanka a auna su, a rage musu gishiri, kada su bar magani don sun ji sauƙi.

ABIN DA AKE NEMA GARE KA

Ɗan'uwa, kowace mazaɓa ya kamata ta sami kwamitin da ke sa ido a kan asibitin sha-ka-tafi. Ka tambayi mai unguwarku su wane ne a ciki, ka halarci zamansu. In babu magani ko ma'aikaci ba ya zuwa, ku rubuta ku kai ƙaramar hukuma cikin ladabi. Ku tara samarin masallacinku ku yashe kwata kafin ruwa ya sauka. In an nemi jini ka bayar. In labari ya zo maka a waya cewa allura kaza tana kisa, kada ka tura sai ka tambayi masani, domin gaba ta nuna mana abin da jita-jita ke jawowa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu zama masu amfani ga jama'a, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.