Kada tumu ya wuce ku

Da gero ya fara nuna wajen ƙarshen Agusta, ku ware yamma guda don tumu. A zaɓo zangarniyar da ta cika amma ba ta bushe ba, wadda in aka latsa ƙwayarta da farce za a ji danshi. Kada a taɓa na iri. A gasa bisa garwashi ana juyawa, don harshen wuta babbake shi yake yi. Sai a murje a faifai, a hure ƙaiƙayin, in ba haka ba yara su kwana susa.

Kason farko na tsofaffin gida ne. Ku zaunar da jikoki kusa da su. Ni a irin wannan zama na fara jin yadda gidanmu ya rayu da tafasa da rama a farin 1973.