Ruwan Tiga da Shinkafar Kura

Kura gari ne a kudancin birnin Kano, cikin ƙasar Najeriya, a kan hanyar Zariya. Ya yi suna wajen noman shinkafa. Ko da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, gonakin Kura kore shar suke.

Daga ina ruwan yake zuwa? Daga madatsar ruwa ta Tiga. An gama gina ta a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano. Da damina tana tare ruwa ta ajiye. Da rani sai a buɗe ƙofa, ruwan ya gangaro ta cikin babbar magudana, ba tare da inji ya tura shi ba. Daga nan ya rabu cikin ƙananan magudanai, ya shiga gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura.

Shinkafa ba kamar gero ba ce. Gero yana jure ƙishirwa, ita ba ta jurewa. Kafin a samu kilo ɗaya na shinkafa, gona takan sha ruwa wajen lita 2,500.

Wani manomi yana da gona a can ƙarshen magudana. Wata rana da asuba ya tafi ban ruwa tare da ɗansa. Suka tarar magudanar a bushe, sai laka. Ƙasar gona ta fara tsagewa, ganyen shinkafa ya naɗe.

Yaron ya ce, "Baba, ruwan Tiga ya ƙare ne?"

Uban ya ce, "Bai ƙare ba. A hanya ya tsaya. Zo mu bi shi mu gani."

Suka bi gefen magudana. Da farko suka iske inda yashi da laka suka cike ta. Gaba kaɗan kuma ga kacala, wata doguwar ciyawa mai son ruwa, ta toshe hanya. Kacala muguwar maƙwabciya ce: tana tare ruwa, kuma cikinta tsuntsaye jan-baki suke ɓuya, su fito su cinye shinkafa. Suka ƙara gaba, suka ga wurin da bangon magudana ya fashe, ruwa yana malala a banza. Can kusa da baki, wani mutum ya datse ruwa da buhunan ƙasa. Gonarsa ta cika har tana ambaliya.

Yaron ya ce, "Baba, in muka jira mako guda fa?"

Uban ya girgiza kai. Ya ce, "Shinkafarmu ta yi ciki, tana shirin fitar da kai. In ta sha ƙishirwa yanzu, zangarniya za ta fito amma ba ƙwaya, sai holoƙo. Kuɗin iri da na taki kuwa bashi ne."

Mai hali yakan haƙa rijiya a gona, ya sayi injin ban ruwa. To, amma inji sai da mai, mai kuwa sai da kuɗi. Wannan manomi ba shi da su. Sai ya kai kuka wurin shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa. Aka tara manoma, aka yi gayya. Suka sare kacala, suka kwashe laka, aka cire buhunan. Aka kuma raba kwanaki: yau na bakin magudana su sha, gobe na ƙarshe. A daren na biyu ruwa ya iso gonarsu.

Babban gyara ya fi ƙarfin gayya. Shi ya sa a shekarar 2014 gwamnatin Najeriya da Bankin Duniya suka ƙulla shirin gyara magudanan nan.

Kogi ma yana da nasa mutanen ƙarshe. Ruwan da ya wuce Kano shi ne yake bi ta Haɗejiya da Gashuwa, ya zama kogin Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijar da Najeriya ta wajen Difa, ya faɗa Tafkin Cadi. A fadamun Haɗejiya da Nguru, manoma sun saba shuka shinkafa su jira ambaliya ta shayar da ita. Bayan gina Tiga, da farin shekarun 1970 da 1980, da madatsar Calawa ta 1992, ambaliyar ta ragu, gonaki da yawa suka bushe.

Ma'anar kalmomi

Madatsar ruwa: bangon da ake ginawa a tare kogi.
Holoƙo: abin da ba kome a cikinsa.
Gayya: aikin da jama'a suke taruwa su yi tare.

Tambayoyi

1. Me ya hana ruwa isa gonar manomin?
2. Don me uban ya ƙi jira mako guda?
3. Duro ɗaya yana cin lita 200. Duro nawa ake bukata don kilo 2 na shinkafa?
4. Ku nemi Kano da Difa a taswira, ku bi kogin da yatsa har Tafkin Cadi.