Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke ɗaukar nauyin matashin da ya tafi aikin sa-kai wata ƙasa?

Tambaya: Ni matashi ne a Bosso, na gama Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, na kuma yi bautar ƙasa. Ni da abokaina muna yashe kwatoci kafin damina, muna koya wa yaran unguwa lissafi kyauta. Ina jin labarin matasan Amurka da ake turawa ƙasashe aikin sa-kai. Mu ba mu da irin wannan ne? In akwai, wa ke ɗaukar nauyi, kuma ta ina ake shiga? Daga wani mai karatu, Bosso.

Amsa: Allah Ya saka muku da alheri, kai da abokanka.

Muna da shi, kuma a zamanin mulkin mutumin garinku aka kafa shi. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi na ministan harkokin waje, ta ƙirƙiro shirin TAC, mai tura likitoci da ma'aikatan jinya da malamai da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, su yi shekara 2. Najeriya ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta karɓe su ta ba su masauki. A 1993 aka yi masa doka, kuma a ganina ita ce ta raya shi har yau, domin shirye-shirye nawa muka gani sun mutu ranar da mai su ya sauka daga mulki? Sai dai kada ka ɗora buri a kansa yanzu. TAC ƙwararru yake nema, waɗanda suka daɗe a bakin aiki.

Ka san yadda gayya take a ƙauye. Samari su zo da fartanyarsu ba don lada ba, amma mai gona ya san fura da tuwo a wuyansa suke, kuma akwai wanda ya yi shela, akwai wanda ya raba kunya. To, matashin da ya tsallaka iyaka ma haka ne, sai dai hidimarsa ta fi yawa. Wa zai ba shi takardar izinin aiki? Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga Ghana ko Saliyo ka yi kwana 90 ba biza, amma ba ta ba ka izinin tsayawa a aji ko a asibiti ba. In zazzaɓi ya kayar da shi, wa zai biya magani? In tarzoma ta tashi, wa zai kwaso shi? Zuciya mai kyau ba ta amsa ko ɗaya. Doka ce ke amsawa, da kaso a kasafin kuɗi, da yarjejeniya rubutacciya tsakanin gwamnatoci biyu.

Amurkawan da ka ambata ba su fi ku tausayi ba. Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a watan Maris na 1961, majalisa ta mayar da shi doka a watan Satumba, tana kuma ware masa kuɗi kowace shekara. Sun shiga Nijar a 1962, da yawansu sun koyi Hausa da Zabarmanci a ƙauyuka. Da aka sace wasu Faransawa 2 a Yamai a watan Janairun 2011, cikin 'yan kwanaki hukumar ta kwashe mutanenta duka. Iyaye ba sa sakin ɗansu sai sun san akwai mai yin wannan.

Ƙofofin da suka fi dacewa da shekarunka su ne na Afirka. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da rundunar matasanta 'yan sa-kai a Abuja a watan Disambar 2010. Tana ɗaukar masu digiri da ba su wuce shekara 35 ba, ta horar da su, ta tura su wata ƙasa na wata 12. A shekarar 2010 ɗin ce ECOWAS ma ta buɗe tata a Monrobiya, ta fara da Laberiya da Saliyo da Gini da Gini Bisau, ƙasashen da yaƙi ko rikici ya ɗaiɗaita. Akwai kuma UNV na Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 1970. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa kamar ƙasa, ga ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ta ƙara taƙaita fagen, abin takaici ga Bahaushe da ke da dangi a Maraɗi da Damagaram.

Inda muke da rauni shi ne ƙasa-ƙasa. A Abuja akwai ofishin NNVS mai kula da aikin sa-kai a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, amma tambayi samarin Tudun Fulani ko Maikunkele, ka ga ko mutum nawa suka taɓa jin sunansa. 'Yan agajin masallatai da na Red Cross suna kwana a wajen haɗari da ambaliya, irin ta Mokwa a watan Mayun 2025, galibinsu kuwa ba su da wata takarda da ke shaida shekarun da suka yi suna wannan hidima.

Wannan takardar ita ce maganarka. Tarayyar Afirka tana neman shaidar cewa ka yi aikin sa-kai na aƙalla shekara 1, shaidar da za a iya bincika. Saboda haka ku ba ƙungiyarku suna, ku yi mata rajista a sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumar Bosso ko a ma'aikatar matasa ta jiha, in hali ya samu ku kai hukumar rajista ta CAC. Ku sayi babban littafi: ranar da aka yashe kwata, layin da aka yi, sunayen waɗanda suka fito, hotuna, mai unguwa ya sa hannu. Hedimastan da kuke koyarwa a makarantarsa ya rubuta muku wasiƙa da hatimi. Ku nemi wani malami a tsohuwar jami'arku ya zama uban ƙungiya. Ka yi fasfo tun yanzu, ka fara koyon Faransanci, domin maƙwabtanmu duka da shi suke aiki a ofis.

Ta intanet ake cike takardun neman waɗannan guraben, a shafukan hukumomin da kansu, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya sama maka gurbi, ɗan damfara ne.