Kwamfutar Tace Bidiyo: Abin da Ɗalibi Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

'Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako na masu sha'awar haɗa bidiyo ne. Da yawanmu mun ɗauki hotunan Bikin Kamun Kifi na Argungu a waya: masunta da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada, makaɗa a kan kwalekwale, ana ɗora giwan ruwa a sikeli. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Amma ina bidiyon namu yake ƙarewa? Yana nan jibge a waya har ranar da wuri ya cika a goge shi. Idan rahoton minti uku kake so, manhajar CapCut a waya ta wadatar. Wanda ke son shiri na minti ashirin mai hira da rubutu da sauti mai kyau, shi kam sai da kwamfuta.

Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka maganar ta hannu muke yi. A nan ne ake yawan cin kuɗin mutane. Mai shago zai nuna maka tambarin Core i7 ya ce ai wannan ita ce babba. Kada tambari ya ruɗe ka, lambar da ke biye da shi za ka karanta. A i5-8250U, lambar 8 ta farko tana nufin zubi na takwas. Wannan furosesa, wadda ta fito a 2017, ƙwayoyin aiki huɗu gare ta, alhali i7-7500U ta zubi na bakwai biyu kacal gare ta. Wato wajen tace bidiyo, i5 ɗin nan ta fi waccan i7 ɗin aiki, kuma sau da yawa ta fi ta araha. Akwai wani dalili kuma: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa galibi daga zubi na takwas take karɓa. Lenovo ThinkPad T480 da Dell Latitude 5490 da HP EliteBook 840 G5 duk na wannan zamanin ne, kuma an ƙera su ne don wahalar ofis. Sai dai akan samu wasunsu da furosesa ta bakwai, saboda haka ka duba da idonka.

Sai RAM, wato faifan da kwamfuta ke baza aikinta a kai. Da 4GB kada ma ka fara. Da 8GB za ka iya aiki da Shotcut ko Kdenlive, waɗanda kyauta ne. DaVinci Resolve ma tana da ta kyauta, amma 16GB take nema. A ganina gara ka sayi mai 8GB wadda ke da gurbin ƙari, kamar waɗancan ukun, ka tara kuɗi ka ƙara daga baya, da ka sayi siririya mai ƙyalli wadda aka like RAM ɗinta a jikin allo ba ya ƙaruwa.

Ma'ajiya kuwa SSD, babu ja. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta kusan megabayit 100 a daƙiƙa, SSD ta talaka tana kai 500. Kuma ka yi lissafi: minti ɗaya na bidiyon 1080p daga waya yakan haura megabayit 100, na 4K ya ninka haka kusan sau uku. Wuni guda a bakin Matan Fada, ko hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gwandu, zai cinye gigabayit da dama. SSD mai 256GB ta isa farawa, in ya so a nemi faifai na waje a riƙa kwashe tsofaffin ayyuka.

Kada ka kashe kuɗinka kan kwamfutar wasanni mai katin hoto na musamman. Tana cin wuta, tana zafi, batirinta ba ya jimawa. Furosesar Intel tana da sashen da ake kira Quick Sync, wanda ke taimakawa wajen buɗe irin bidiyon da wayoyinmu ke ɗauka. Idan aiki ya fara tsaitsayawa, ka sa manhajar ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi ka yanka da su, lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Ka kuma ɗauki bidiyonka a 1080p. Wa zai kalli 4K a WhatsApp?

Mu a Kebbi muna da abokan gaba biyu da mai sayarwa a Legas ba zai ambata ba: zafi da ƙura. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, kuma kwamfuta idan ta ɗau zafi da kanta take rage gudu. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Kada ka ɗora ta kan katifa ko darduma. Ka sa ta a tebur, ka ɗan ɗaga bayanta, ka bar fitar da babban aiki sai dare ko asuba.

Ranar saye, ko a nan Birnin Kebbi ne ko a Farm Centre ta Kano, ka tafi da wanda ya san kwamfuta da kuma filashi mai ɗauke da bidiyonka. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga lambar furosesa da yawan RAM da irin ma'ajiyar. Ka tabbata allon 1920 da 1080 ne, domin a kan 1366 da 768 maɓallan manhaja cunkushewa suke yi. Ka rubuta powercfg /batteryreport a Command Prompt don ka ga abin da ya rage na ƙarfin batir. Sannan ka kunna bidiyonka na minti goma ba caja, ka saurari fanka, ka taɓa ƙasanta. Mai shagon da ya hana ka wannan gwaji, ka yi masa sallama ka shiga na gaba.