Kafin Ku Riƙe Alli

'Ya'yana masu karatun koyarwa, na san yadda kuke raba dare kan tsarin darasi idan lokacin gwajin koyarwa ya zo: manufa a sama, sai kayan aiki, sai matakai, sai auna fahimta. Wannan jeri yana da asali. Ralph Tyler na Jami'ar Chicago ne ya yaɗa shi a 1949, ya ce a fara da manufa, sannan a nemi hanyar kaiwa gare ta.

To amma a shekarun 1970 masu bincike a Amurka sun zauna da malamai, suka roƙe su su riƙa faɗin abin da ke ransu suna cikin shirin darasi. Peterson, Marx da Clark sun gano a 1978 cewa abin da za a koyar ne ke cin mafi yawan lokacin, sai ayyukan da yara za su yi. Manufa ce ta zo ƙarshe. A ganina ba raina ta suka yi ba. Ta daɗe da zama a kansu, shi ya sa hankalinsu ya koma kan yaran: wa zai ruɗe, a ina, da wane misali za a ceto shi.

Nan ne nake so ku daɗe. Nazarin Clark da Peterson na 1986 ya nuna malami a cikin aji yakan yanke shawara kusan kowane minti biyu. Takarda ba za ta yanke muku ita ba. Saboda haka ku rubuta tsarinku cikakke, domin ku sababbi ne kuma rubutun yana saita tunani, amma a gefe ku ƙara amsoshin kuskure da kuke tsammani daga yara, da abin da za ku ce wa kowacce.

Dan Lortie ya ƙiyasta a 1975 cewa ɗalibi kan shafe sa'o'i kusan 13,000 yana kallon malamai kafin ya gama sakandare. Kun ga aikinsu, amma ba ku taɓa jin tunaninsu ba. Don haka idan an haɗa ku da gogaggen malami, kada ku tsaya a kallo. Bayan an tashi, ku same shi cikin ladabi ku ce, "Malam, me ka gani har ka sauya misalin nan?" Ku rubuta amsarsa, gobe ku sake tambaya.