DARASI: YADDA AKE KARANTA LABARIN ZANE A JARIDA

Darasinmu na wannan wata a kan labarin zane ne, wanda 'yan birni ke kira katun. Duk wanda ya taɓa buɗe jarida ya ga irinsa, galibi can ƙasan shafi: 'yan gidaje uku ko huɗu a jere kamar gurbin dara, kowane gida da zanen mutane a ciki da 'yan kalmomi bisa kawunansu. Da yawa daga cikinmu mukan tsallake shi, wai wasan yara ne. Wannan kuwa asara ce. Wanda ya gama aji ya karɓi takardar shaida, in ya daɗe bai karanta komai ba, baƙaƙen sukan soma guje masa. Labarin zane gajere ne, kalmominsa kaɗan, hoton kuma yana taimaka maka ka gane kalmar da ta shige maka duhu.

Amma fa yana da ƙa'ida. Ta farko ita ce inda za ka fara. A jaridar boko ana farawa daga gidan da ke hagu a tafi dama. Na taɓa kai ziyara wani aji, na miƙa wa wani dattijo jarida, ya duba ya duba ya ce shi bai ga abin dariya ba. Ashe daga dama ya faro, yadda ya saba a allo, sai ya riski ƙarshen labari kafin farkonsa. Ba laifinsa ba ne, don a jaridun Larabci daga dama ake farawa, haka ma a littattafan zane na ƙasar Japan.

Ta biyu ita ce balan-balan ɗin da ke ɗauke da magana. Ka lura da 'yar wutsiyarta: wanda ta nuna shi ne mai magana. In mutum biyu suka yi magana a gida ɗaya, ka fara da balan-balan ɗin da ta fi sama ko ta fi kusa da hagu. In kuwa ka ga ta yi kamar gajimare, da 'yan ƙananan da'irori a maimakon wutsiya, to ba magana ba ce, tunani ne a zuci, sauran mutanen cikin zanen ba su ji ba. Manyan baƙaƙe masu kauri ihu ne. Harafin Z a jere barci ne.

Ta uku ta fi su muhimmanci, ita ce 'yar tazarar da ke tsakanin gida da gida. Ga misali. A gidan farko manomi ya shanya masara a tabarma, ya jingina da bishiya yana gadi. A na biyu, ga Z uku bisa kansa. A na uku, tabarma wayam, ga akuya a gefe ciki ya yi tulu. Mai zane bai nuna akuya tana ci ba, kai ne ka cike wannan da hankalinka. Wanda ya iya wannan ya iya bin zanen da ke jikin buhun taki ko kwalbar maganin feshi, domin su ma haka suke tafiya daki-daki.

To, ina abin ya samo asali? A 1895 wata jarida a birnin Niyok na Amurka, mai suna New York World, ta soma buga zanen Richard Outcault na wani yaro mai ƙwalƙwal da doguwar riga. An san shi da suna Yellow Kid saboda rigar rawaya ce, kuma a jikin rigar ake rubuta maganarsa. Ya ja masu saye har wata jaridar ta janye mai zanen a 1896. A nan gida Nijeriya, Akinola Lasekan ya yi suna da zanen siyasa a jaridar West African Pilot a zamanin Turawa, Wale Adenuga kuma ya fito da Papa Ajasco a mujallar Ikebe Super, wanda daga baya ya koma talabijin.

Ni dai in aka tambaye ni gwanina, Peanuts zan ce, na Charles Schulz. Ma'anar sunan gyaɗa, alhali labarin ba na gyaɗa ba ne. Kamfanin da ke rarraba shi ga jaridu ne ya laƙaba masa, shi kuwa Schulz bai taɓa son sunan ba. Ya fara fitowa ranar 2 ga Oktoba 1950 a jaridu 7 kacal, a ƙarshe ya kai jaridu fiye da 2,600 a ƙasashe 75. Yara ne zalla a ciki, da ƙyar ka ga babban mutum. Akwai Charlie Brown, yaro mai kirki mara sa'a, da karensa Snoopy mai kwana a kan rufin ɗakinsa yana mafarkin shi matuƙin jirgin yaƙi ne, da wata yarinya mai baki, Lucy, wadda ta kafa rumfa tana sayar da shawara a kan santi 5.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan ƙwallo. Shekara bayan shekara Lucy takan dafe ƙwallo a ƙasa, ta lallashi Charlie Brown ya zo ya buga. Yakan yi gardama, ta kawo sabon dalili, ya yarda, ya sheƙo a guje, ta fizge ƙwallon, ya faɗi rigingine. Mai karatu ya san abin da zai faru tun daga gidan farko, duk da haka sai ya bi, don ya ji da wace dabara za a yaudare shi bana. Duk wanda ɗan siyasa ya taɓa yi wa alkawarin rijiya ya san wannan faɗuwa. Schulz shi kaɗai ya zana labarin da hannunsa, guda 17,897. Ya rasu ranar 12 ga Fabrairu 2000, washegari zanensa na ƙarshe ya fito a jaridu. Wanda ake gani yanzu maimaici ne, don ba a ba kowa ya ci gaba da shi ba.

Yanzu labarin zane ya shiga wayar hannu ta intanet. Mutanen Koriya ta Kudu sun fito da wani salo da ake kira webtoon, inda gidajen ke jeruwa daga sama zuwa ƙasa, kana jan su da yatsa. A Ikko kuma kamfanin Comic Republic, wanda aka kafa a 2013, ya yi suna da labaran jarumai 'yan Afirka. Ƙa'idar balan-balan da ta tazara duk ba su sake ba.

Aikin gida: ka ja gidaje uku a littafinka, ka zana labarin manomi da akuya. Ba sai ka iya zane ba, da'ira da sanduna sun isa mutum. A gida na uku ka yi wa manomin balan-balan, ka rubuta abin da ya faɗa da ya farka, kada ya wuce kalma biyar. Ka kai wa malamin ajinku ya duba.