Binciken Garki da Sauron Garinmu

Garki ba ta da nisa da garinmu, Kanya Babba. A can ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bincike a kan zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976. An yi feshi a bangon ɗakuna, aka kuma raba magani a wasu ƙauyuka. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba, domin wani sauron a waje yake hutawa, feshi ba ya samunsa. Da aka daina, sai ta komo.

To, iyayenmu, mu ma a tsakar gida muke kwana in zafin kaka ya matsa, gidan sauro kuwa yana ninke cikin akwati. Maganin damina na yara kwana uku ake shansa, amma na ga gidajen da ke tsayawa a ranar farko.